Kunnen Salatif

"Sake dannawa," in ji Auta daga ƙarƙashin sitiyari.

Yaya ya danna. Hon ɗin ya yi ɗan kuka irin na akuya mai mura, fitilun gaba suka lumshe, suka sake buɗewa da ƙyar.

"Ka ji ko? Haka take mini. In na kunna fitila hon ya shaƙe, in na danna hon fitila ta suma. Sai ka ce masu gaba da juna."

Auta ya zaro kansa ya miƙe, bayansa ya ba da ƙara. Furfura ta cinye masa gemu, yana da jikoki, amma a bakin wansa har gobe Auta ne. Gyaran wutar mota ne sana'arsa, kuma wan nasa ne ya fara sa masa filaya a hannu, kafin shi Yayan ya bar rumfar ya sayi wannan a-kori-kurar ya koma dakon kaya. Tsohuwa yake kiranta. Da ita ya yi gini, da ita ya aurar da 'ya'ya, ita ce kuma ta kai gawar uwarsu makabarta. Mai son ganin ɓacin ran Yaya ya taɓa Tsohuwa.

Ciwon ba wani ɓoyayye ba ne. Auta ya ɗaga bonet, ya bi wayar da ta taso daga batir ta kama jikin mota, ya tarar tsatsa ta cinye wurin, notin ma yana rawa. Ya kwance shi, ya kankare ƙarfen har ya yi fari, ya ɗaure tamau. Ya sauya fis ɗin da ya yi baƙi, ya goge bakin ƙwayayen fitila. Aiki ne da zai iya yi ido a rufe, sai dai yau hannunsa nauyi yake yi.

Da safe 'yar Yaya ta zo, babbar, wadda ke aikin jinya a asibiti. Ko zama ba ta yi ba.

"Baffa, Baba zai kawo maka motar yau. Don Allah kada ka gyara."

"Ke, wace irin magana ce wannan?"

"Ba fitila ba ce, idonsa ne. Likita ya ce jijiyar ta riga ta tafi, abin da ya rage ma tafiya yake yi. Gabansa kaɗai yake gani, gefe babu. Shekaranjiya ya goga wa wata mata mai tura baro, Allah ya taƙaita, kayanta ne kawai suka zube. Mun yi magana, ya ce mun ƙosa ya mutu mu ci gado. Wane gado, Baffa? Wannan gwangwanin?"

Ta yi kuka, ta share, ta tafi aiki. Auta bai ce mata to ba, bai ce a'a ba. A ransa ma haushinta ya ji. Yaran yanzu, da mutum ya yi tuntuɓe sai su shimfiɗa masa tabarma su ce ya huta.

Shi ya sa ya gyara, don ya gani da idonsa. Ya tura motar cikin rumfa inda ke da duhu, ya juya hancinta ga bango.

"Kunna, Yaya."

Haske ya bugi bango, fari tas, har zanen tsagar siminti ana iya bi. Hon ya tsage rumfar, mai faci da ke maƙwabtaka ya ɗago kai ya yi tsaki. Tsohuwa ba ta yi irin wannan lafiyar ba tun da daɗewa.

Yaya ya leƙo ta taga, ya ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallon bangon.

"Hon ya yi," ya ce. "Amma fitilar nan da saura. Har yanzu ja-ja take, kamar aci-balbal. Ka duba da kyau, kada ka yi mini aikin gaggawa."

Auta ya dubi bangon da ke fari tas. Ya so a ce yarinyar ƙarya ta yi. Ya tsaya gefen motar, kusa da madubi, ya ɗaga filaya ya kaɗa a saitin kunnen wansa. Yaya bai ko ƙifta ba.

"To," in ji Auta. "Je ka sha shayi, in sake bi."

Ya bi shi da kallo. Yaya yana tafiya kansa a miƙe kamar soja, hannu ɗaya yana shafar jikin motocin da ke jere. Da, ya ɗauka taƙama ce.

Abin da ya kamata shi ne ya jira shi ya dawo, ya zaunar da shi a benci, ya ce Yaya, fitila lafiyarta ƙalau. Amma Auta bai taɓa gaya wa wansa magana mai ɗaci ba tun yana yawo ba wando, kuma ba yau zai fara ba. Tsoro ne, ba ladabi ba, shi ma ya sani. Ya sake kwanciya ƙarƙashin sitiyari, ya zura hannu can bayan akwatin fis, inda ko mai ido biyu sai da tocila. Ya lalubo jar wayar da ke ciyar da fitilu da hon gaba ɗaya. Ya datse ta.

Sai hannu ya ci gaba da abin da ya saba. Ba a barin waya mai wuta tsirara, ta taɓa ƙarfe ta ƙone motar mutane. Ya jawo baƙin salatif ya naɗe bakin nan, ya naɗe wancan, ya lanƙwasa ƙarshen ya bar ɗan kunne, yadda mai warwarewa ba zai sha wahala ba. Ya cusa su ciki, ya fito yana goge hannu.

Yaya ya dawo yana taune sauran burodi. Ya shiga, ya murɗa makunni. Bango ya zauna da duhunsa. Ya danna hon. Shiru.

"Me ka yi mata?"

"Wayarin ne duk ya tafi, Yaya. Ina taɓawa yana marmashewa. Ya ƙone daga ciki, sai an sauya gaba ɗaya, irin nata kuwa an daina kawowa. Ka bar ta nan, in yi ta cigiya."

"In bar ta nan."

"Ba ka fita ba hon, kai ka sani."

Wannan gaskiya ne. Yaya da hon yake tuƙi, kowace kwana sai ya danna, kowace mahaɗa sai ya danna. Sai yanzu Auta ya gane dalili.

Yaya ya sauko, muryarsa ta cika rumfar. "Na kawo mota tana tari, ka mayar mini da gawa! Kai ne mai gyara? Wa ya koya maka wannan aikin banzan? Ba ni ba dai!" Mai faci ya ajiye taya ya matso, mai walda ya kashe injinsa. Auta ya sunkuyar da kai yana karɓa. Zagin ma daɗi ya yi masa, don ya san ya ci a zage shi.

"Matsa," in ji Yaya.

Ya durƙusa a bakin ƙofar motar, gwiwoyinsa suna ƙara. Bai nemi tocila ba, bai ma sa kansa ciki ba. Fuskarsa na kallon rufin rumfa, ya tura hannu ƙarƙashin sitiyari, yatsunsa suna bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya kamar mai jan carbi. Auta ya manta cewa mutumin da ido ya daɗe da gudu, hannunsa ne ke gani. Hannun ya wuce akwatin fis, ya yi zurfi, ya tsaya.

Ya daɗe a haka. Sannan ya jawo jar wayar waje, ya murza ɗan kunnen salatif ɗin tsakanin yatsu biyu.

"Wutar da ta ƙone ta tana da kirki," ya ce a hankali. "Har ta naɗe bakin, ta bar kunne."

Ba wanda ya yi dariya. Mai walda ya koma wajen injinsa.

"Ni na koya maka barin kunnen nan. Na ce ka riƙa tausaya wa wanda zai zo bayanka." Ya dafa kujera ya miƙe. "'Yar tawa ta zo ko?"

"Yaya, fitilar ta gyaru ɗazu. Fes take. Kai ne ba ka..."

"Na sani." Ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. "Na ji zafinta a fuskata da na zagaya gaba. Ka ɗauka ban san abin da ke cikin kaina ba? Na zo ne in ji daga bakinka. Su yara ne, ba su san mota ba. In kai ka ce mini Yaya ya isa, da na zage ka, in ba ka makulli, gobe in dawo mu sha shayi. Sai ka zaɓi ka yi mini wayo kamar wani mahaukaci."

Ya zare makullin, ya shafa shi, ya ajiye a kan bonet. Bai miƙa masa a hannu ba.

"Bari in raka ka gida, Yaya."

"A'a. Na gode, mai gyara."

Ya fita, hannunsa yana bin jikin motoci har suka ƙare. A bakin titi ya tsaya. Motoci suna wucewa ta dama da hagu, yana juya kai gaba ɗaya yana neman su, ya sa ƙafa ya janye, ya sake sawa ya janye. Auta ya taka zai bi shi, ya tsaya da salatif a hannu. Wata mata da ta fito daga kanti da leda ta dubi tsohon, ta ce masa wani abu. Yaya ya miƙa mata hannu, ta tsallaka da shi.