Makirufon da Ba a Hurawa

Ni Uwani dillaliya, duk Unguwar Dosa babu gidan da ban shiga da ƙunshi a ka ba. Na sayar da atamfa, na sayar da kwalla da samira, har keken ɗinki gurgu na taɓa aurarwa. Abin alfaharina shi ne ban taɓa mayar wa mutum kayansa a lalace ba. To, ranar da Saratu ta aika a kira ni na san akwai kayan da suka fi tangaran wuyar riƙo.

Saratu matar marigayi Yahaya ce, wanda ya yi aiki a wani kamfanin ɗaukar faifan garmaho kafin kaset ya zo ya kashe musu kasuwa. Ta fita takaba, tana shirin komawa Zariya wurin ɗanta. Ta jawo wani akwatin katako daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, sai ga wani ƙarfe a tsaye cikin jan ƙyalle, kansa duk huji kamar rariya.

"Makirufo ne, Yaya Uwani," in ji ta. "Shi suka ba shi da za a rufe kamfanin. Ƙannensa sun ce in miƙa wa masu sayen tsohon ƙarfe, ni kuwa zuciyata ta ƙi. Ki samo mini wanda zai yi aiki da shi. Amma ki yi mini alkawari, kada kowa ya hura masa iska. Ko ƙura marigayi ya gani a kansa, da gashin kaza yake sharewa. Ya ce hurawa ɗaya ta isa ta kashe shi."

Na ce, "Wannan ai abu ne mai sauƙi." Kaico, Uwani, ke da bakinki!

Ashe na manta halin mutanenmu. Duk wanda ka miƙa wa makirufo, kafin ya yi sallama sai ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya cika kumatu ya yi masa fuu-fuu. Haka ladani yake yi, haka sanƙiran biki, haka mai tallan magani. Ina shiga layin masu kayan wuta a Babbar Kasuwa, na farkon da na nuna wa, wani mai hayar lasifika, ya ɗauka ya fara kumbura baki. Wallahi ban san lokacin da na fizge ba.

"Haba Inna! Wa ya taɓa sayen makirufo bai hura ba?"

"To kai dai ba za ka sayi wannan ba," na ce masa. "Je ka hura wutar gidanku."

Na biyu ya jinjina nauyinsa a hannu, ya yi mini tayin tsohon ƙarfe. Na ce albarka. Na uku ma bakin ya tura, na sake fizgewa na rungume abina a ƙirji. Nan fa fil ɗin da na maƙale mayafina da shi ya manne a jikin ƙarfen, ya ƙi saki. Na yi a'uziyya da ƙarfi, don na ɗauka marigayi ya bar wani abu a ciki.

Dariya na ji daga shagon da ke kallonmu. Lawal ne mai ɗaukar kaset, wanda mawaƙa da masu wa'azi ke zuwa wurinsa. Ya taso yana cewa, "Inna, ba aljani ba ne, mayen ƙarfe ne. Kawo in gani. Na rantse ba zan hura ba."

Ban sakar masa ba, riƙewa na yi muka ɗaga shi tare wajen hasken rana. Ya ce in leƙa ta cikin hujin. Can tsakiya na hango wani ɗan ziri mai sheƙi, siriri kamar takardar cikin kwalin sigari, yana ɗan rawa shi kaɗai.

"Kin gan shi? Shi ne ransa," Lawal ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "Mayen ƙarfe biyu, ziri a tsakani. Da nauyin, da jan ƙarfen, da wannan zirin ake gane irinsa. Na ga guda biyu a rayuwata, duka zirin ya tsinke, an hure su. Wannan lafiyarsa ƙalau. Inna, ya fi ƙarfin aljihuna, amma na san inda ake nemansa ruwa a jallo."

A hanya ya ba ni labari. Akwai wani tsohon alaramma a Unguwar Sarki, Malam Nuhu, wanda ɗalibansa, manyan 'yan kasuwa, suke so a ɗauki karatunsa a kaset tun yana da ƙarfi. An gwada sau da dama. Haƙoransa na gaba sun zube, makirufon zamani kuwa sai ya kama wannan 'yar iskar da ke fita ta giɓin, ya mayar da ita fito. Da Malam ya ji, ya ce wannan ba shi ba ne, kuma ba zai bar wa jikokinsa fito a kan Littafin Allah ba. Tun daga nan ya hana a sake kawo masa rakoda.

Da hantsi muka isa zaurensa. Sai da babban ɗalibinsa, Alhaji Musa, ya yi ta roƙo kafin ya yarda a gwada na ƙarshe. Lawal ya haɗa wayoyinsa, ya tsayar da makirufon nesa kaɗan da bakin Malam. Ni na zauna a gefe, bakin ƙofa, idona a kan kumatun kowa. Ban iya yin shiru ba, sai gunaguni nake, "Allah Ka rufa asiri, Allah Ka rufa asiri." Alhaji Musa ya harare ni, Lawal ya ce ya ƙyale ni, irin wannan makirufon gaba da baya kawai yake ji, gefensa kurma ne.

Malam ya karanta 'yan ayoyi. Lawal ya mayar da kaset baya, ya danna.

Jama'a! Murya ta fito cike, mai kauri, mai taushi, babu fito ko kaɗan, babu kuma gunagunina. Tsigar jikina ta tashi. Malam ya sunkuyar da kai yana saurare, hawaye na bin gemunsa, can ya ce, "Wannan ni ne. Haka nake jin muryata a cikin kaina." Alhaji Musa ya juyo ya yi tayi na mutunci, irin wanda ba a cewa albarka, amma na ja shi sama kaɗan don kada a ce Uwani ta tsufa.

Ina shirin cewa na sallama, sai Malam ya ce, "Ku matso mini da shi in sa masa albarka."

Alhaji Musa ya ɗauka ya kai masa har gaban fuska. Malam ya rufe ido yana motsa baki. Na dubi Lawal, na ga ya daskare, bakinsa a buɗe, kunya ta hana shi magana. Kowa a zauren ya san da abin da addu'ar Malam take ƙarewa: tofi. Na ga ƙirjinsa ya ɗaga, ya ja numfashi.

Ni da gwiwata ke ciwo, ban san yadda na tsallake tabarma ba. Na dai ga tafin hannuna tsakanin bakin Malam da ƙarfen, tofin kuma ya sauka a hannun nawa, sau uku, da ɗuminsa.

Wani ɗalibi ya ce, "Subhanallahi! Ke baiwar Allah!" Ban janye hannun ba. Na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini aikin gafara. Amana ce. Matar mai shi ta sa na yi alkawari ba za a hura masa ba, kuma ban riga na sallama ba."

Malam ya buɗe ido, ya dubi hannuna, ya dube ni. Lawal ya samu bakinsa ya yi bayanin zirin. Sai tsohon nan ya fashe da dariya har giɓinsa ya bayyana. Ya ce, "To ai addu'ar ta san inda ta nufa. Musa, daga yau duk wanda ya hura wa abin nan, ni da shi ne. Har ni kaina."

Sannan na ce, "Na sallama."

Na dunƙule hannun, ban buɗe ba. Da hagu na riƙe ƙarfen bas, kwandasta yana ta kallona kamar wadda ta kamo fara. Na tarar da Saratu tana ɗaure kaya. Ba ta tambayi ciniki ba, cewa ta yi, "Yaya Uwani, an hura?"

"An hura," na ce. Fuskarta ta faɗi. "Amma ga inda ya sauka."

Na buɗe hannun na shafa mata a ka, na shafa mata a fuska, na ce gobe makirufon Yahaya zai fara ɗaukar Alƙur'ani tun daga Fatiha. Ta riƙe hannun nawa da nata biyu, ta ƙi saki.