Abin da Zai Ɓata Farar Riga

Mai Guga ya tsoma gefen farin hankici a kofin shayin da matarsa ta ajiye masa, ya ɗaga shi wajen taga yana dubawa. Ja ya fito ƙarara. Ya ture kofin gefe.

"Wai me kake yi haka, Baban Auta?"

"Gwaji. Likita ta ce duk abin da zai ɓata farar riga zai ɓata haƙori."

Jiya aka wanke masa haƙora, karo na farko a rayuwarsa. Shekara da shekaru yana shagonsa na wanki da guga, kofin baƙin shayi na gefen dutsen guga, yana kurɓa tun safe har rufe shago, har haƙoran suka ɗauki kalar shayin. Tun da ya ga kansa a wani hoto ya daina buɗe baki gaban kyamara. Duk hotunan da ke bangon falo kowa na dariya, shi kuwa ya tsuke baki kamar mai riƙe da ruwa a kumatu. Yau Auta, 'yarsu ta ƙarshe, za ta karɓi takardar kammala jami'a, kuma abu ɗaya ta roƙe shi: "Baba, don Allah wannan karon in ga haƙoranka a hoto."

Likitar dai misali kawai ta yi masa da ta ji sana'arsa. Ba ta san mai wanki ba ya wasa da maganar tabo ba.

"Ni fa ina wajen," in ji matarsa. "Cewa ta yi ka rage. In ka sha shayi ko kofi ka kuskure baki da ruwa, ka daina wuni kana kurɓa, lemo mai duhu kuma ka zuƙa da tsinken roba. Ina ta ce ka kashe kanka da yunwa?"

"Daga gobe sai in bi wannan. Yau kam babu mai taɓa su."

Miyar tumatir ta faɗi jarrabawa. Burodi ya faɗi, don an riga an shafa masa jam. Soyayyen ƙwai ya bar maiƙo a hankici.

"Maiƙo ai ba launi ba ne!"

"Tabo tabo ne, Maman Auta. Ni za ki koya wa?"

Ruwa kaɗai ya tsira. Da shi ya karya, suka fita.

A zauren taro aka yi ta jawabi, wannan ya sauka wancan ya hau, har rana ta karya. Matarsa ta zaro biskit mai cakulan daga jaka ta miƙa masa a ɓoye. Ya kai hannu aljihun hankici, ta harare shi ta cinye abinta. Da aka kira Auta ya miƙe ya tafa har tafinsa ya yi zafi, daɗi ya cika shi har idonsa ya kawo ruwa.

A waje mai hoto ya jera su a gindin bishiya, Auta a tsakiya da doguwar rigarta da hular nan mai igiya.

"Baba, yi dariya," in ji Auta.

Mai Guga ya janye leɓɓa ya fito da haƙora a jere, farare tas, sauran fuskar kuwa ko motsi. Mai hoto ya sauke kyamara.

"Baba, wani wuri ke maka ciwo?"

"Dariya na ce, Baba," in ji Auta, "ba ka nuna wa likita ba."

Ya sake gwadawa, ya fi na farko muni. Ga haƙora sun yi fari, amma ya daɗe da manta yadda ake dariya in an saita masa kyamara. Ya ga fuskar Auta ta fara sauka, ya ji kunya ƙwarai.

"To kowa ya yi shiru ya kalle ni," in ji mai hoto.

Aka yi tsit. Sai cikin Mai Guga ya yi wani dogon ƙugi, ya ɗan tsaya, ya ƙara wani a kai. Har iyalin da ke jiran layi suka waiwayo.

Matarsa ko kallonsa ba ta yi ba ta ce, "Cikin nan kam likita ba ta yi shawara da shi ba."

Auta ta fara dariya, uwar ta kama, Mai Guga ya yi ta riƙewa har ta ƙwace masa. Ya dafa kafaɗar 'yarsa yana ƙyaƙyatawa, hularsa ta zame. Kyamara ta yi ƙyas.

Da aka nuna musu hoton, idanunsa a rufe suke, hula a karkace, baki a wangame har ana hango turamen haƙora.

"Wannan ya ɓaci," in ji Mai Guga. "Sake mana."

Auta ta daɗe tana kallon hoton. Ta goge ido da hannun riga.

"Kada ka taɓa shi," ta ce wa mai hoto. "Shi za ka wanke mana, babba."

Mai Guga ya sake leƙawa, ya gyara hula, ya kama hannun mai hoto ya rage murya.

"To ka wanke shi a hankali, ɗana. Fari ba ya son gaggawa."