Na'urar Ɗumama Jarirai Ta Ƙi Tashi

Kai ma ka gani, mai kula da asibitin nan, ka kau da kai. Duk sanda wuta ta dawo, na'urar ɗumama jarirai takan maƙale, sai a yi ta kashewa ana kunnawa.

Yau jaririyar ƙanwata ke jiranta. Na jona kwamfutata da na'urar, na ga inda manhajarta ke cijewa: tana neman ma'adanar bayanai tun kafin ma'adanar ta farka.

"Oga, gyaran layi ɗaya ne," na ce wa shugaban sashenmu na gyara.

Ya yi dariya. "Yarinya, ɗan buga mata gefe, ta san hannu."

Jaririyar na ta sanyi a zanin uwarta. Izinin taɓa manhajar yana hannunka, mai kula da asibitin nan. Taso ka ba ni, yanzu.