Inda Koren Layin Yake Tsayawa

Babana kafinta ne, ko in ce ya taɓa zama, domin yanzu ko ƙusa ya ɗauka sai ta suɓuce masa. Amma har gobe in ya shiga gidan mutane sai ya shafa ƙofarsu kafin ya gaishe su, ya ji ko an yi mata adalci. Ni ce autarsa. Tun da aka rushe tsohon gidanmu aka shimfiɗa titi a kansa, wurina yake zaune, a saman bene, inda ƙofofin duk na ƙarfe ne. Ya ce zama a gidana da zama a cikin firji duk ɗaya ne, sanyin ne kawai babu.

Abu ɗaya ke sa shi ya haƙura. Kullum da yamma, in na dawo daga makarantar da nake koyarwa, rana ta karkato ta tagar falo ta kwanta a kan kafet, sai in ɗora masa kwamfutata a ɗan tebur in kunna masa bidiyon tsohon gida. Yayana ne ya ɗauke shi da wata tsohuwar kyamara kafin motocin rusau su zo. Yana tafe yana ɗauka, hannunsa na rawa, daga ƙofar waje zuwa tsakar gida, ya bi ta gefen famfo, ya sunkuya ya wuce igiyar shanya, har ya tura ƙofar ɗakin Inna. A ciki Inna na zaune bakin gado tana ninke kaya. Ta ɗago ta ce masa wani abu, ta yi dariya, ta kare fuska da hannu. Ba ta kai ga ganin sabon titin ba. A duk duniya nan ne kaɗai muke da Inna tana motsi. Kyamarar ta daɗe da ɓata, Yaya kuwa mutum ne da ko takalminsa sai an nemo masa, don haka wanda ke cikin kwamfutata shi ne na farko, shi ne na ƙarshe.

Ni kam ba na kallo. Ba na iyawa. Da na ji ƙarar famfon nan sai in shige kicin in hau wanke abin da yake a wanke. Amma na san yana nan, kuma ina da wani ɗan baƙin akwati kamar tafin hannu da nake jona wa kwamfutar, ta kwafe duk abin da ke cikinta ta ajiye a can. In ta gama sai ta rubuto min cewa an kammala ajiya, ni kuma hankalina ya kwanta.

Kwamfutar ce ta fara naci. Wai babbar manhajar da ke tafiyar da ita ta tsufa, in sabunta, in sabunta, kamar dillaliyar da kika taɓa sakar wa fuska. Wata Asabar da safe na gaji na ce mata to. Ta yi ta mutuwa tana farfaɗowa, can ta fito fes da sabbin launuka, komai ya canja wuri. Na jona akwatin. Sai ta ce wai ita ba ta san tsohuwar ajiyar ba, sabuwa za ta fara tun daga farko. Na ce fara mana, wa ya riƙe ki?

Wani siririn koren layi ya bayyana, ya kama tafiya daga hagu zuwa dama. Ya wuce rabi lafiya lau, sannan ya tsaya cak. Na jira, na yi shara, na dawo, yana nan inda na bar shi. Daga baya ta rubuto da jan rubutu cewa an kasa kammala ajiya.

Ban damu ba da farko. Na cire waya na sa wata. Na canja kafar da nake jonawa. Na kashe na kunna, wanda shi ne maganin da kowa ya iya. Na duba ko akwatin ne ya cika, na tarar da fili har da na haya. Wani a intanet ya ce sabuwar manhaja tana hana shiga wasu jakunkunan fayiloli sai an ba da izini, na bi na ba da izini ga duk wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Kowane karo layin sai ya taso da ƙarfinsa, ya zo daidai wurin nan ya kafe.

Ranar Lahadi da rana ina zaune ina gadinsa, fanka na juyawa a sama, barci ya sace ni. Sai na ga layin ya faɗaɗa ya zama hanya, koriya shar, ni kuma ina tafiya a kanta ba takalmi. Ga famfonmu yana ɗiga, amma ba ya jiƙa ƙasa. Ga kayan shanya suna kaɗawa alhali babu iska. Na isa ƙofar Inna na ɗora hannu, sai na ji itacen da ɗumi, kamar wani ya tashi daga jingina da shi yanzun nan. Na tura ta ƙi buɗuwa. Ba a kulle take ba, hannuna ne ba shi da nauyi. Na farka na tarar da jan rubutun yana jirana.

Washegari daga makaranta na wuce shagon wata ƙawata da muka yi aji ɗaya, wadda duk 'yan unguwar ke kira Injiniya. Shagon a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙa neman afuwa. Kwamfutoci a farke a kan kanta, ƙananan sukurori a cikin murafen kwalba, wata kyanwa tana barci a kan mataccen firinta.

"Malama, yau kuma me kika danna?" in ji ta, ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Abin da ta ce in danna. Tun da na sabunta ta take min wulaƙanci."

Ta jona akwatin, ta sa ajiyar ta fara, ta buɗe wata ƙaramar taga da ke nuna sunan kowane fayil a lokacin da ake kwafe shi. Sunaye suka yi ta wucewa da gudu, jarrabawar yara, hotunan biki, takardun da na manta na taɓa rubutawa. Da layin ya tsaya, suna ɗaya ya rage a tagar bai motsa ba. Tsohon Gida.

Injiniya ta kara kunne a jikin kwamfutar, ta ce in yi shiru. Ni ma na ji. Wata 'yar ƙara ce, ƙat, ƙat, can ciki.

"Sabuntawar ba ta da laifi," ta ce. "Faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar ne ya yi tabo, kuma wannan bidiyon a kan tabon yake zaune. Ta zo karantawa ta kasa."

"To ai da tana karantawa. Kullum sai ta ce min an kammala."

"Tsohuwar manhajar ce ke ce miki haka. In ta zo wurin da ya gagare ta sai ta tsallake ta yi gaba, ba ta gaya wa kowa. Wannan sabuwar ce ba ta iya rufa-rufa ba."

Muka buɗe tsohuwar ajiyar. Komai na nan, har da hoton wani takalmi da na so saya ban saya ba. Bidiyon ne kawai babu. Na nemi kujera na zauna, kyanwar ta buɗe ido ɗaya ta dube ni ta mayar.

Injiniya ta daina tsokana. Ta ce akwai hanyar da za ta bi ta tatso shi a hankali, ta kwashi duk abin da ya karantu, inda ya ƙi kuma ta bar gurbinsa. Zai fito, amma da rami a ciki. Na tambaye ta girman ramin, ta ce sai mun gani. Na zauna ina kallon ƙafafun masu hawa benen ta tsakanin matakala, wasu da takalmi mai tsini, wasu da silifa, suna wucewa ta saman kanmu. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba.

Da ta gama muka kunna. Ga ƙofar waje, ga famfo, ga igiya. Hannun Yaya ya miƙa ya taɓa ƙofar Inna, ta ɗan buɗe, wani siririn haske ya fito ta tsagar. Sai hoton ya daskare, sautin ya ɗauke. Muka yi ta kallon ƙofa a ɗan buɗe. Can sai ga Yaya a bayan gida yana ɗaukar bishiya, yana huci. Inna gaba ɗayanta a cikin ramin ta faɗa.

"Sake gwadawa," na ce.

Ta sake, ta kuma sakewa. Ƙarar ta ƙaru, ba mu samu ko ƙyallin zanenta ba. A ƙarshe ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wannan tabon ba na jiya ba ne, ya daɗe. Tun tuni bidiyon nan yake tsayawa a nan."

"Ba zai yiwu ba. Baba kullum yana kallo, bai taɓa cewa komai ba."

Ta ɗaga kafaɗa. Ta sa min sabon faifai, ta mayar da komai, ta jona akwatin. Koren layin ya tashi ya tafi sumul har ƙarshe, ya ce an kammala. Ban taɓa jin haushin kalma irin na wannan ba.

A hanyar gida na yi ta shirya yadda zan gaya wa Baba, ina rushewa. Na tarar da shi a kujerarsa, ya jawo ɗan teburin da kansa, rana ta riga ta kai tsakiyar kafet.

"Auta, yau kin makarar da mu," ya ce.

Na ɗora masa na kunna, kuma maimakon in gudu kicin sai na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya dube ni ta saman tabarau. Famfo ya fara ɗiga. Ya ce, "Har aka rushe gidan nan ban gyara famfon nan ba," da muryar wanda ya saba faɗin haka ko babu mai ji. Yaya ya sunkuya ya wuce igiya. Hannunsa ya doshi ƙofa. Ni kuma na ɗago na kalli Baba, don in ga fuskarsa lokacin da abin zai faru.

Idanunsa a rufe suke. Tun kafin hoton ya daskare ya rufe su. Ya jingina, hannunsa na dama ya ɗan ɗago daga cinyarsa kamar mai tura wani abu mara nauyi, bakinsa yana murmushi.

"Baba," na ce a hankali, "ya tsaya. Wurin Inna ya lalace. Na kai an duba, ba zai dawo ba."

"Na sani," ya ce, bai buɗe ido ba. "Ai ya daɗe yana tsayawa a nan."

"Shi ne ba ka gaya min ba?"

"In ce miki me? Ni ƙofar kawai nake so ya kawo ni. Ni na yi ta da hannuna. Daga nan na san hanya."

Sai kuka ya ƙwace min, irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da gawar Inna. Na ce, "Ni ban san hanyar ba, Baba. Na bar shi a ajiye ina cewa wata rana zan kalla. Yanzu ko abin da ta ce wa Yaya na manta. Ko zanen da ke jikinta ban tuna ba."

Ya laluba ya ɗora tafinsa a kaina, tafin nan mai kaushi da har yanzu nake jin kamar yana ƙanshin katako.

"Rufe idonki," ya ce. "Kin rufe? To, ɗora hannu. Ba a tsakiya ba, can sama kaɗan, inda fentin ya goge. Tura a hankali. Kin ji ta yi ƙara daga ƙasa? Da gangan na bar ta haka, don in Innarku tana fitowa in sani."

Na ji ƙarar. Wallahi na ji ta.

"Yawwa. Kula da dokin ƙofa, kullum sai kin yi tuntuɓe da shi. Ga taga a hagu, labulen ya ɗan yage a gefe, ta hana a canja. Ga ta nan bakin gado. Shuɗin zanen nan ne mai ɗigon fari, wanda kika ƙona wa baki da dutsen guga kika ɓoye a ƙarƙashin katifa. Rigar makarantarki ce a hannunta, ta tsufa amma ta ƙi bayarwa. Yanzu za ta ɗago. Kin gan ta?"

"Na gan ta."

"To saurara. Ta ce wa yayanki, kai da ko cokali ba ka iya riƙewa, wa ya ba ka kyamara?"

Dariya ta kama ni a tsakiyar kuka, na ji ta Baba a sama da kaina, na kuma ji ta uku, wadda ake karewa da hannu.

A kan tebur bidiyon ya ci gaba da kansa. Ina jin Yaya can a bayan gida yana huci yana ɗaukar bishiya. Mu dai ba mu fito ba tukuna.