Butar da Ba ta Iya Kofi Ɗaya

Wani mafarki na yi jiya da dare, zan faɗe shi yadda na tuna.

Na gan ni a wata kasuwa da ruwan sama yake fitowa daga ƙasa. Ɗigo na ɓullowa daga cikin yashi ya haye sama, mutane sun juya lemarsu sun tsaya a ciki. Ban yi mamaki ba. Haka ruwa yake yi a butar gahawar maigidana, Allah ya jiƙansa. A zuba shi a ƙasa, ya ratsa garin gahawar, ya fito ta sama.

Butar tana goye a bayana da majanyi. Daga Libiya ya zo da ita lokacin da ya yi aikin birkila a can. Halinta guda ne, ba ta iya kofi ɗaya ba. In ka rage mata ruwa ko gari, sai ta ba ka ruwan ɗaci. Biyu take yi, nasa da nawa. Tun rasuwarsa biyun nake dafawa, in sha nawa, nasa ya huce in zubar a rariya.

A kaina kuma ga injin da 'yata Hansatu ta aiko daga Abuja, wanda ake jefa masa ɗan kwanso mai gari a ciki, a danna, ya tsiyayo kofi ɗaya tak. Tun da butar ta feso min ruwan zafi a hannu, Hansatu ta ce za ta zo ta ɗauke ta. Wannan a ido biyu ta faɗa, ba a mafarki ba.

A bakin wata ƙofa na tarar da talotalo zaune a bayan tebur, da tabarau.

Ya ce, "Baiwar Allah, da abu ɗaya ake wucewa."

Na ce, "Ina ƙofar take kaiwa?"

"Gobe. Ku nawa ne a gida?"

"Ni ce."

"To injin ne naki. Shi ba ya jiran kowa."

Injin ya yi magana daga kaina da muryar Hansatu. "Inna, dannawa ce kawai. Ba wanki, ba ƙuna. Don Allah ki huta."

Butar kuwa numfashi kawai take yi a bayana kamar yaro mai mura. Na ce wa talotalon zan dawo.

Sai ga ni a tsakar gidanmu. An shimfiɗa tabarmi, duk kofunan gahawar da na zubar suna zaune a jere kamar zaman makoki. Tururinsu ƙasa yake gangarawa.

Suka haɗa baki, "Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya."

Wani a can ƙarshe ya ce, "Mu dai ba a sha mu ba."

Na kusa da shi ya zungure shi. "Kai, ba yanzu ba."

Na rasa me zan ba baƙi irin waɗannan, sai na kawo musu ruwan alwala.

Sai kuma ga maigidana a kan tsani, yana ginin katanga daga sama zuwa ƙasa. Ya riga ya gama kan, gindin ne saura. Rigar aikinsa ce a jikinsa, mai yagaggen aljihu. Bai sauko ba.

Ya ce, "Kande, ba dai kin wanke butar da sabulu ba?"

"Ban taɓa ba, Malam. Ɗauraya kawai, yadda ka ce."

"Madalla. Robar bakinta ce ta mutu, ita lafiyarta ƙalau. A sa wata."

Na kwance goyon, butar ta tsiyayo biyu da kanta. Na miƙa masa nasa. Hannuna ya yi ta tsawo har ya kai saman tsanin, amma bai karɓa ba.

"Nan ba ma sha."

"To wa zan ba?"

"Ke dai da tambaya. Tun muna da ƙuruciya nake ce miki sukarinki ya yi yawa, ina shanyewa ne kawai. Nemi mai son zaƙi."

Na so in tambaye shi ko yana jin sanyi a can. Da na buɗe baki, sai na ji ina tambayarsa inda ya ajiye ƙaramin cokali. Ya ce yana bayan rediyo. Ya ɗauki bulo ya ci gaba da aikinsa.

Na koma wurin talotalo na sauke injin a kan teburinsa. Injin ya fitar da ƙafafu, ya gaishe ni da ladabi, ya bi wani gwauro da ke wucewa da jaka.

Talotalon ya leƙa bayana. "Wannan ta mutum biyu ce. Sai da baki na biyu za ta wuce."

Na waiwaya dama da hagu. Kasuwar ta watse, lema ce kawai ke yawo. Ƙofar ta fara rufe kanta a hankali, tana bugawa kwan, kwan, kwan.

Na farka. Ashe Gambo ce maƙwabciyata take buga ƙyauren langa-langa.

"Maman Hansatu, ko da ashana?"

Na ce akwai, amma ta shigo ta zauna tukuna in ɗora buta. Ta ce ita ba ta taɓa shan gahawa ba, an ce ɗaci gare shi.

Na ce, "Ba irin nawa ba."