Izza Ta Dawo Gudu

Ƙanwata Izza ta shekara tara tana gudun dogon zango a duwatsun Ifran kafin ciwon ya same ta. Da ɗan zogi ya fara, a matsematsinta na hagu. Kocinta, Si Lahsen, ya ce tsoka ce ta ja, a shafa man zaitun a ci gaba. Sati uku tana ɓoye ɗingishi. Ran da na ga ta kasa hawa matakalar gidanmu, na ja ta zuwa birnin Fas wurin Dakta Zuhur, likitar 'yan wasa.

"Yi tsalle da ƙafar hagu kaɗai," in ji likitar.

Izza ta gwada, sai ta dafe bango.

Hoto ya nuna ƙashin cinyarta ya tsage daga sama, daidai inda yake shiga kwatangwalo. Dakta ta ce da ta ƙara sati ɗaya tana gudu, da ya karye gaba ɗaya.

Wata biyu ta yi a kan sanduna. Daga nan aka sa ta gudu cikin ruwan ninƙaya, tsakanin tsofaffi masu ciwon gwiwa. Ɗaya daga cikinsu kullum sai ta tsokane ta: "'Yar nan, tun ɗazu kike gudu, har yanzu kina gefena."

A wata na bakwai Dakta ta yarda ta shiga tseren kilomita goma a garin Azru, da sharaɗin ta bi a hankali. Har kilomita na bakwai tana matsayi na tara. Da aka zo hawan tudu, sai na ga ta buɗe ƙafa irin ta da. Ta wuce ɗaya, ta wuce biyu. Ban san sanda na tattare jallabiyata na bi gefen titi ina kiran sunanta ba. Si Lahsen na bayana yana haki yana cewa, "Ku tsayar da ita," amma dariya yake yi.

Ta huɗu ta zo. Ta rungume ni, jiƙe da gumi.

"Yaya, babu zogi. Ko kaɗan."

Nan take muka kira Dakta.

"Ta huɗu? Wannan ne a hankalin naki? Kwana uku kada in ji kin sa takalmin gudu."

Dakta ta manta ba ta kashe wayar ba. Muna ji tana ba ma'aikatanta labari, suna tafa hannu.