Teburin da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Shekarar da aka yanke Kebbi daga jikin Sakkwato, ma'aikata 'yan asalin yankin suka kwaso komatsansu suka yo gida, sai ga shi Birnin Kebbi ba ta da ɗakunan da za ta zuba su. Wanda ya samu shago ya kwana a shago. Abdulwahab, akawu a ma'aikatar gona, ko shagon bai samu ba, don haka ya kama ɗaki ɗaya a Jega, a gidan wata tsohuwa da har yau ake kira Amariya ko da yake rabin haƙoranta sun riga ta tafiya. Kullum da safe sai ya bi motar haya zuwa ofis, ya bar matarsa Hindu da yara biyu da keken ɗinki a ɗakin da in mutum ya yi miƙa sai ya gaisa da bango biyu.

Abu ɗaya ne ya sa ɗakin ya zaunu, shi ne teburin Hindu. Gadonta ne. Mahaifinta kuku ne a wani gidan saukar baƙi tun zamanin Turawa, da aka tashi sake kayan gidan aka ce ya ɗauki tsohon teburin ya tafi da shi. Na katakon maɗaci ne, ja har ya soma komawa baƙi, yana da fikafikai biyu masu lilo a kan hinji na tagulla. In an sauke su sai ya lafe a jikin bango, bai fi taki ɗaya faɗi ba, yara su samu wurin shimfiɗa tabarma. In an ɗaga su aka juyo ƙafar da ke ƙarƙashi ta tokare, sai ga filin da Hindu ke baza turmin atamfa ta yanka. Tana goge shi da kakin zuma yadda ta ga tsohon yana yi, kuma ko kofin ruwa ba a aza masa sai an sa faifai a ƙasa. Ban da shi, ba ta da komai na ubanta.

To, mutanen gidan ba su taɓa ganin irinsa ba. Ranar da aka sauke kaya Amariya ta dube shi ta riƙe haɓa.

"Wayyo ɗiyata, mota ta karya maki shi? Ga hannuwa nai duk sun saki."

Hindu ta yi dariya, ta ɗaga fiffike ɗaya ta tokare, ta sake saukewa don tsohuwar ta gani. Amariya ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Dabara dai kinka yi mai, amma karyayye na."

Da a nan maganar ta tsaya da sauƙi. Amma sabuwar jiha ta zo da wata cuta: kujeru sun yi yawa, mutane sun yi kaɗan, wanda jiya yake ɗaukar fayil yau shi ake kawo wa. Abdulwahab ma an ɗaga shi, ya sayi jaka mai makulli, tafiyarsa ta sake. Wata Asabar abokin aikinsa Zayyad, mutumin Aliero, ya zo gaisuwa, ya hangi teburin a naɗe ya kwashe da dariya.

"Haba babban akawu, wanga tebur hwa? Kawo shi Aliero a yi mai ɗori, mu da muka ɗora ƙashin mutum ba mu kasa katako."

Abdulwahab ya yi dariyar yaƙe. Hindu ta ga yadda fuskarsa ta sake, ta kuma san mijinta: ya gwammace a mare shi da a yi masa dariya. Sai dai ba ta kawo komai a ranta ba.

Ba a daɗe ba ƙanwarta Salima ta haihu a Maiyama, Hindu ta kwashi yara ta tafi zaman suna. Ranar da ta dawo, tun daga zaure warin fenti ya tare ta. Tana sako ƙafa tsakar gida ta ga wani ƙaton abu shuɗi, irin shuɗin ƙofar shagon magani, tsaye kusa da rijiya. Sai da ta dubi ƙafafun sannan ta gane shi. An ɗaga fikafikan an kafe su da ƙusoshi, kawunansu a waje, wasu a lanƙwashe. An lafta fentin da kauri, ya zuba ta gefe ya daskare kamar majina. Tun bai bushe ba ƙudaje sun faɗa sun maƙale, ga gashin kaza, ga sawun ƙadangare daga wannan gefe zuwa wancan.

Abdulwahab ya fito yana washe baki.

"Baban Ummi, mi anka yi ma teburin Baba?"

"Gyara shi anka yi. Yaro kafinta nik kira. Taɓa ki ji, ko buhun albasa kinka aza bai motsi."

"Wa yac ce maka ya lalace?"

"Kowa na hwaɗi, Hindu. Kunya nika ji in baƙo ya shigo."

"To mi ya sa shina waje?"

Ashe shi da kafintan sun gwada shigar da shi a miƙe, sun gwada a karkace, sun kifa shi, har sun ɓare ƙasar bakin ƙofa, tebur ya ce bai san zancen ba. Ko da ya shiga ma, sai dai gado ya fito. Abdulwahab ya roƙi Amariya a faɗaɗa ƙofar, ta ce ginin mijinta ba a taɓa mata shi. Garin neman gira an rasa ido. Hindu ta wuce ɗaki, don abin da ke bakinta ba na faɗa wa miji ba ne a gaban mutane.

Daga ranar tebur ya zama na gayya. Amariya ta fara baza albasa a kai tana tsince ruɓaɓɓu, ruwansu mai yauƙi yana bin ƙusoshi yana ɗiga. Kaji suka mai da shi wurin kwana, kowace safiya da kashinsu fari da kore. Wata maƙwabciya ta ga ya fi ƙasa daɗin sake wa jariri tsumma. Wadda ta fi ci wa Hindu rai ita ce Kyauta, matar wani mahauci da ke haya a ɗakin ƙarshe, mai sayar da dafaffen kayan ciki. A kan teburin take juye tumbi ta karkaɗe abin da ke cikinsa, ta tatse hanji da yatsu biyu, ta bar ƙudaje su yi walima.

Hindu ta yi magana, cikin ladabi da farko. Kyauta ta ce, "Uwar Ummi, abin da ad tsakar gida ai na kowa na. In kina ƙyashi, ki kai shi ɗaki." Matan gida suka yi dariya. Hindu ta koma wanke shi da omo kowace safiya tana toshe hanci da gefen zane, kafin azahar an sake ɓata shi. Ita kuma yanka ya koma ƙasa, a durƙushe, atamfar mutane tana kwasar ƙura. Takaici ya ishe ta, har abinci ya daina yi mata daɗi.

Ta yi shawara da zuciyarta: wanda ya kafe shi ai zai iya kwancewa. Ta yafa mayafi ta sami Yaro kafinta a rumfarsa ta bakin kasuwa, wani dogo mai fensir a bayan kunne, wanda bai taɓa shakkar aikinsa ba ko sau ɗaya. Ta ce ya mayar mata da tebur yadda yake.

"Malama, wanga aiki ba ya kwantuwa. Ƙafafun nan masu yawo na yanke su na yi tokara da su. Bakin katakon kuma na fere shi na sa gam. Aiki na har jikoki."

"To ƙarafan tagullan hwa? Ba ni abina."

"Ai suna gidanku. Inna Amariya tac ce tunda na zo in duba mata ƙofar makewayi, ni ko na ga ga masu kyau sun samu, sai na kafa mata su."

Hindu ta juya ta bar rumfar. Tun dawowarta ta lura ƙofar kwanon nan ta daina kuka, har ta ji daɗi a ranta. Ta dawo gida ba ta ko cire mayafi ba ta zarce can. Ga su nan kuwa. Na sama da sauran ƙyallinsa. Na ƙasa, inda fitsari ke fantsama, ya yi kore shar, kyankyaso na leƙowa ta bayansa. Hannun ubanta ya shekara nawa yana ɗiga wa ƙarafan nan mai da gashin kaza. Hindu ta duƙa a wurin ta amayar da duk abin da ke cikinta.

Da ta faɗa wa Abdulwahab, cewa ya yi, "Ƙarfe na hwa, Hindu. In kina so in sawo maki sabbi." Ta dube shi, da jakarsa mai makulli a kan cinya, ta ji shi ma ba ta son ganinsa.

Ƙarshen abin ya zo wata safiya da ta fito ta tarar da Kyauta ta aza kan saniya tana sara da gatari. Duk saran da ya kuskure sai ya shige katako, fenti ya ɓare, jan maɗacin ya bayyana, jini da ɓargo su cika wurin. Hindu ba ta yi faɗa ba. Ta aika aka kira Yaro, ta ce ya zo da zarto.

"Yanke su duka biyu. Ka bar man tsakiyar."

"Malama, aikin ga mai kyau za a ɓata?"

"Yanke, nic ce."

Ya yanke yana tsaki, zarto na karo da ƙusoshinsa. Fiffike na farko ya faɗi, na biyu ya bi shi. Matan gida sun yi cirko-cirko. Kyauta ta matso ta ce in ba a so, ita tana da amfani da su. Hindu ta kai hannu za ta ɗauke abinta, ta ga maiƙon da ya cika tsagogin da tsutsotsi ƙanana a jikin gam, sai hannun ya dawo da kansa. Ta ce, "Ɗauki."

Abin da ya rage ta wanke da ruwan zafi da toka, ta sake wankewa da omo, ta kankare fentin da wuƙa iyakar iyawarta, ta shanya a rana. Da la'asar ta ɗauke shi ita kaɗai ta shigar ɗaki, ta jingina a bango inda yake da. Ta ɗauko kakin zuma ta goga. Amma katako ya riga ya sha, ƙarnin yana nan a ƙarƙashin ƙamshin, kuma a ɗan ƙaramin ɗaki ba shi da wurin zuwa. Ta ɗauko atamfar wata mata za ta ajiye a kai, ta tsaya, ta mayar kan gado.

Sai ga ɗiyarta Ummi ta shigo da ƙosai a hannu, ta ga tebur ya dawo, ta yi murna, ta nufe shi za ta aza. Hindu ta buge hannun yarinyar tun kafin ta yi tunani.

"Kak ki taɓa, ƙazanta ta."

Ƙosan ya gangara ƙarƙashin gado, Ummi ta fashe da kuka. Hindu ta ji abin da bakinta ya faɗa a kan teburin ubanta, ta zauna a bakin gado, ta jawo yarinyar jikinta, ta juya wa bangon baya.